Yadda Bawul Mai Aiki da Lantarki Ke Hana Birkin Mota Cijewa

Gabatarwa

Kamar yadda muka saba, sashen kimiyya yakan kawo darasi guda a cikin wannan littafi na shekara, domin ɗalibai su tafi da shi hutu, iyaye da 'yan'uwa na ikilisiya su ma su sami abin ƙaruwa.

Darasin bana ya samo asali ne daga tambayar wata ɗaliba a lokacin da muke koyar da lantarki da maganaɗisu. Ta ce akwai wata fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba cikin motar babanta, an rubuta mata ABS, ta yi wata da watanni tana ci. Da aka kai wa bakanike sai ya ce wannan abin Turai ne, ba ya hana tafiya, in ana so ma ya cire ƙwan kowa ya huta. Kafin mu amsa sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu, ya ce kawunsa direba ne, yana jigila tsakanin Malumfashi da Kano ta Dayi da Gwarzo, shi da kansa ya sa aka cire masa wayar abin, wai in ya taka birki da ƙarfi sai ya ji yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dukanmu muna shiga irin waɗannan motoci, ko zuwa gida hutu, ko zuwa taron ikilisiya, ko kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Wato tsararrakin ɗalibanmu ke nan. Saboda haka bari mu bi abin daki-daki.

Birki na yau da kullum

Kafin mu fahimci ABS sai mun san yadda birki ke aiki tun asali. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani fistin a cikin tukunyar da kanikawa ke kira masta. Fistin ɗin ya matsa man birki, man ya bi ta siraran bututun ƙarfe zuwa ƙafafun mota huɗu. A can sai ya tura wasu fistin, su kuma su matse fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya, ko su buɗa lainin a cikin duram. Gugar da ke tsakaninsu ita ke rage gudu, ƙarfin tafiyar motar ya koma zafi.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce wadda Blaise Pascal, mutumin Faransa, ya bayyana a ƙarni na 17: in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, shi ya sa abin da ƙafa ta yi a gaba yake isa tayar baya nan take. A birki na gaggawa matsin da ke cikin bututun yakan haura ba 100, alhali iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da 'yan kai ba. Mu riƙe wannan a rai, domin bawul ɗin da za mu yi magana a kansa da irin wannan matsi yake fama.

Me ya sa cijewar ƙafa ke da haɗari?

Mutane da yawa suna tsammani birki mafi kyau shi ne wanda zai sa taya ta tsaya cak, ta yi ƙara, ta bar baƙin layi a kan kwalta. Ba haka ba ne. Ba birki ne ke tsayar da mota kai tsaye ba, riƙon da ke tsakanin taya da hanya ne. Wurin da kowace taya ta taɓa ƙasa kuwa bai fi tafin hannun babban mutum ba.

Masana sun auna sun ga taya ta fi riƙe hanya sa'ad da take juyawa amma ta ɗan gaza gudun motar, da kamar kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Ga misali: mota tana gudun kilomita 80 a awa, taya tana juyin da ya yi daidai da kilomita 64. Bambancin 16 ne, wato kashi 20 cikin 100 na 80. A nan riƙo ya kai matuƙa. Amma in tayar ta daina juyi ɗungurungum, bambancin ya zama 100 bisa 100, sai ta shiga zamewa, riƙon ya ragu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, tayar da ta cije ba ta jin sitiyari. In ƙafafun gaba suka cije, ko direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe motar za ta miƙe ne inda ta sa gaba. In na baya ne suka cije, sai gindin motar ya juyo, ta yi gefe, wani lokaci ta kife. A ce saniya ta faɗo kan hanya tsakanin Bakori da Funtua ana ruwan Agusta. Direba yana bukatar abu biyu a lokaci guda, ya rage gudu, ya kuma kauce. Cijewar ƙafa tana rage masa na farko, ta ƙwace masa na biyu gaba ɗaya.

Tsofaffin direbobi da suka koyi tuƙi a Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, sun san maganin wannan. Sukan taka, su saki, su sake takawa da sauri. Dabarar tana da kyau, amma ƙafar mutum ba ta iya yin haka fiye da sau biyu ko uku a daƙiƙa, kuma in ya saki, ya sakar wa ƙafafu huɗu ne gaba ɗaya, har da waɗanda ba su cije ba. Ga kuma tsoro, wanda ke sa mutum ya danne birki ya ƙi ɗagawa. ABS haruffa ne uku na Turanci, ma'anarsu tsarin birki mai hana ƙafa cijewa. Aikinsa shi ne ya yi wannan taka-saki a madadin direba, da saurin da ya fi na mutum, kuma ga ƙafar da ke bukata kaɗai.

Mene ne solinoyid?

A shekarar 1820 wani malamin jami'a a Danmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in wutar lantarki ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. Wato wayar da wuta ke bi ta cikinta tana da ƙarfin maganaɗisu. Andre-Marie Ampere na Faransa ya ci gaba da binciken, shi ne kuma ya laƙaba wa wayar da aka nannaɗe kamar bututu sunan solinoyid. Bayan 'yan shekaru William Sturgeon na Ingila ya naɗa waya a jikin ƙarfe, ya sami maganaɗisun da ake kunnawa a kashe.

Kowane ɗalibi zai iya gwada wannan a gida. A samo gangar jikin biro wanda aka zare bakinsa, da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufi irin ta masu gyaran fanka, da batirin tocila biyu, da ƙaramar ƙusa. A naɗa wayar a jikin biron kamar sau ɗari biyu, a kankare bakunanta biyu. A zura ƙusar rabinta ciki rabinta waje. Da zarar an haɗa bakunan wayar da batir, ƙusar za ta zabura ta shige ciki. In aka cire wuta, ƙarfin ya tafi. Kada a bar wutar a haɗe fiye da 'yan daƙiƙoƙi, domin wayar za ta yi zafi, batir kuma ya mutu.

To, da za mu sa ɗan sifirin a bayan ƙusar, da an cire wuta sai ya mayar da ita inda take. Da kuma bakin ƙusar yana toshe wani ɗan rami da ruwa ke bi, ai mun sami famfon da ake buɗewa a rufe da lantarki. Wannan shi ne bawul mai solinoyid. Ƙarar nan ta "ƙas" da muke ji in an murɗa makullin mota kafin kik ya juya inji, ita ma ta solinoyid ce, sai dai wancan babba ne.

Bawul biyu ga kowace ƙafa

In aka buɗe bonet na motar da ke da ABS, za a ga wani dunƙulen alminiyam mai kusurwa huɗu, bututun birki biyar ko shida suna shiga suna fita, da ƙaramar mota ta lantarki a gefe guda, da baƙin akwatin roba a ɗaya gefen. A cikin wannan dunƙule bawul-bawul ɗin suke. Kowane yana da naɗin waya a waje, da rufaffen bututun ƙarfe a tsakiya, da ɗan sandan ƙarfe mai motsi a ciki, da sifirin, da ɗan rami inda bakin sandan ke zama. Tafiyar sandan ba ta kai milimita ɗaya ba, shi ya sa yake iya buɗewa ko rufewa cikin 'yan ɓangarori na dubu na daƙiƙa. Wutar batirin mota mai bolt 12 ce ke motsa shi.

A yawancin motocin yanzu kowace ƙafa tana da bawul biyu, wato takwas ke nan duka. Na farko shi ne bawul na shiga, yana tsakanin masta da birkin ƙafar. Sifirin ɗinsa yana riƙe da shi a buɗe, sai an ba shi wuta yake rufewa. Na biyu shi ne bawul na fita, yana tsakanin birkin ƙafar da wata 'yar ma'ajiyar mai. Shi kuma sifirin yana riƙe da shi a rufe, sai an ba shi wuta yake buɗewa.

Ɗalibanmu da iyayensu ke noman rani a fadamun Kafur da Ɗanja sun san irin wannan. Mai ban ruwa yana da kafar da ruwa ke shiga fangali, da kafar da zai fasa in ruwa ya yi yawa. In ya buɗe ta shiga, ruwa ya ƙaru. In ya toshe duka biyu, ruwa ya tsaya yadda yake. In ya toshe ta shiga ya fasa ta fita, ruwa ya ragu. Da kafa biyu kawai yake yin abu uku.

Mu lura da hikimar da ke cikin zaɓen sifirin ɗin nan. In fis ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko kwamfutar ta ga matsala ta kashe kanta, duk bawul na shiga za su kasance a buɗe, duk na fita a rufe. Man birki zai bi hanyarsa ta asali kamar babu ABS. Masu ƙirar sun tsara ne yadda in abin ya lalace ba zai tafi da birkin motar ba.

Matakai uku

Mataki na ɗaya, ƙara matsi. Babu wuta a kowane bawul. Na shiga a buɗe, na fita a rufe. Duk ƙarfin da direba ya taka yana isa ƙafar. A haka mota take a kusan dukan tafiyarta.

Mataki na biyu, riƙe matsi. Kwamfuta ta ga wata ƙafa tana rage juyi da saurin da ya wuce kima. Sai ta ba bawul na shiga na wannan ƙafa wuta, ya rufe. Yanzu man da ke birkin ƙafar a kulle yake, ko direba ya ƙara dannawa ba abin da zai ƙaru a can.

Mataki na uku, rage matsi. In duk da haka ƙafar tana neman tsayawa, sai a bar na shiga a rufe, a ba na fita wuta ya buɗe. Ɗan mai kaɗan ya tsere zuwa ma'ajiya, fad ya sassauta, taya ta koma juyi. A lokacin nan ƙaramar motar lantarkin tana juya famfo, famfon ya kwashe man daga ma'ajiya ya mayar da shi wajen masta. Ba don haka ba da man ya taru a ma'ajiya, birkin ya nutse har ƙasa.

Da tayar ta dawo da juyinta, sai a rufe na fita, a riƙa buɗe na shiga kaɗan-kaɗan, matsi ya sake hawa. Haka za a yi ta zagayawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, har motar ta tsaya ko direba ya ɗaga ƙafa. Man da famfo ke turowa baya, da buɗewa da rufewar bawul, su ne ke sa matakin birki ya yi rawa, a kuma ji gurnani daga wajen inji. Ashe abin da kawun ɗalibinmu ya ɗauka lalacewa ce, alama ce cewa na'urar tana kan aikinta, kuma tana gaya masa tayarsa ta kai iyakar riƙonta.

Tsofaffin na'urori irin na kamfanin Bosch na shekarun 1980 suna da bawul ɗaya ne mai matsayi uku maimakon biyu. In babu wuta, matsi ya ƙaru. In aka ba shi wuta ta kamar amfiya 2, sandan ya tsaya a tsakiya, matsi ya tsaya. In aka ba shi kamar amfiya 5, ya tafi ƙarshe, matsi ya ragu. Daga baya aka koma ga bawul biyu ƙanana, domin sun fi sauri da sauƙin ƙira.

Wa ke ba bawul umurni?

Bawul ba shi da ido. A kowace ƙafa akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya, da sansa a kusa da shi ƙwarai. Tsohon samfurin sansa maganaɗisu ne da aka naɗa wa waya. Duk haƙorin da ya gitta sai ya jawo 'yar wuta a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. A sababbin motoci zoben kansa ne ke da maganaɗisu, yana kuma manne a jikin boris.

Bari mu yi lissafi. Kilomita 80 a awa daidai yake da mita 22 a daƙiƙa. In kewayen taya mita 2 ne, za ta juya sau 11 a daƙiƙa. In zoben yana da haƙora 48, sansa zai aika saƙo 528 a daƙiƙa guda. Kwamfuta tana ƙirga saƙon ƙafafu huɗu, tana gwama su da juna. In uku suna aiko da wajen 500, ɗaya ta faɗo 300 farat ɗaya, ta san wannan ƙafa na gab da cijewa, sai ta taɓa bawul ɗinta ita kaɗai.

Taƙaitaccen tarihi

Kafin ta zama ruwan dare a motoci, an nemi wannan dabara a jiragen sama, domin matuƙin jirgi ba ya jin abin da tayarsa ke ciki lokacin sauka. A shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da na'urar Maxaret, wadda ba ta amfani da lantarki. An sa ta a motar Jensen FF a 1966, amma motar tana da tsada, kaɗan aka ƙera. A Amurka kamfanin Chrysler ya sa wani tsari mai lantarki a motar Imperial ta 1971. A 1978 ne Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da tsarin da ya zama uban na yanzu. BMW ya sa ABS a babur a 1988, shekarar da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a nan Nijeriya. Daga 2004 sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai suka riƙa zuwa da shi. Indiya, inda ake ƙera yawancin baburan da 'yan kabu-kabu ke hawa a garuruwanmu, ta wajabta shi tun 2019 ga baburan da injinsu ya wuce sisi 125. Ƙananan baburan da suka cika hanyoyinmu ba su da shi, don haka mai babur shi ne kwamfutar kansa.

Tun da yawancin motocinmu na hannu ne daga Turai da Amurka, da yawansu sun iso da ABS. Tambayar ita ce ko yana aiki har yanzu.

Abin da ABS ba zai iya ba

Wajibi ne mu faɗi iyakarsa, kada wani ya ɗauka laya ce. ABS ba ya ƙirƙiro riƙo, wanda ke akwai yake amfani da shi. Mu ɗauki mota mai gudun 80. Kafin direba ya ga haɗari ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa guda ta wuce, mota ta ci mita 22. A busasshiyar kwalta mai kyau birki zai ci kamar wasu mita 36. A jiƙaƙƙiyar kwalta mai santsi zai iya cin fiye da mita 60. In aka ninka gudu sau biyu, nisan birki yana ninkuwa sau huɗu: abin da ke mita 9 a gudun 40 shi ne ya zama 36 a gudun 80. Babu bawul ɗin da zai canja wannan lissafi.

Na biyu, a hanyar burji, ko yashi, ko tsakuwa, irin hanyoyin da ke shiga ƙauyukanmu, mota mai ABS takan ɗauki nisa fiye da marar shi kafin ta tsaya, domin tayar da ta cije tana tara ƙasa a gabanta, tarin ya taimaka wajen tsayawa. Ribar ABS a nan ita ce sitiyari yana nan a hannun direba. Maganin dai shi ne a rage gudu tun daga farko.

Na uku, lodi. Da kaka, sa'ad da ake ɗaukar masara da dawa da auduga zuwa Funtua, mukan ga ƙaramar mota an ɗora mata buhuna har gindinta na neman taɓa ƙasa. Ƙarin nauyi ƙarin zafi ne ga birki, fad da man birki kuma suna da iyakar zafin da za su ɗauka. Haka nan tayar da ta suɗe ko ta tsufa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. In an ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. A duba kafin a saya.

Yadda za a kula da shi

Da an kunna mota fitilar ABS takan kama na 'yan daƙiƙoƙi, kwamfuta ta gwada kanta, sa'an nan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, ABS ba ya aiki, sai birki na asali. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwan ne, mai sayen mota ya lura da wannan. In kuwa ta kama tare da jar fitilar birki, kada a ci gaba da tafiya sai an duba, domin a motoci da yawa wannan na'ura ce kuma ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, in ta tsaya ƙafafun baya na iya riga na gaba cijewa.

Sau da yawa matsalar ƙarama ce: laka ko garin ƙarfe sun rufe sansa, waya ta tsinke a ramin hanya, zobe ya tsage, an sa boris a juye, fis ya ƙone, batir ya yi sanyi, ko an sa tayoyi masu girma daban-daban. Mai wayarin da ke da na'urar bincike zai iya gane ƙafar da ke da matsala cikin ɗan lokaci. Cire ƙwan fitila kuwa kamar mai zazzaɓi ne ya fasa ma'aunin zafi.

Man birki shi ne jinin bawul. Irin da aka rubuta wa DOT 3 da DOT 4 suna shan laimar iska sannu a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Ruwan kuma yana kawo tsatsa, ƙwayar tsatsa guda ta isa ta hana bawul rufewa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu. A sayi wanda ke rufe da hatiminsa. Kada a zuba baƙin mai ko man giya, suna kumbura robobin ciki. Mun sha jin ana zuba ruwa da garin sabulu in mai ya ƙare a hanya. Wannan wasa ne da rayukan fasinjoji.

Ga direba kuma, in gaggawa ta zo a mota mai ABS, ya taka birki da dukan ƙarfinsa, ya riƙe, kada ya yi taka-saki, kada rawar ta sa ya ɗaga ƙafa, ya dubi inda yake so ya bi ya juya sitiyari can a hankali. Yana da kyau ya gwada sau ɗaya a fili marar jama'a, a ƙaramin gudu, domin ƙafarsa ta san rawar tun kafin ranar bukata.

Kammalawa

Ɗalibarmu ta koma gida da bayanin nan, muka kuma roƙe ta ta gaya wa babanta cikin ladabi a kai motar wurin mai na'ura kafin tafiyar Kirsimati. Haka muke roƙon kowane ɗalibi ya yi. A dubi gaban direba in an shiga mota, a yi tambaya cikin girmamawa. Shugabannin ikilisiya da ke da motar ɗaukar mawaƙa ko zumuntar mata, su sa duba birki cikin kasafin shekara. Mukan yi addu'a kafin mu tashi tafiya, daidai ne kuwa, amma Allah da muke roƙo shi ne ya ba mu hankali, ya kuma ɗora mana alhakin ran maƙwabcinmu. Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da mu sabon zango lafiya. Amin.

Tambayoyi don nazari a lokacin hutu

1. Me ya sa aka bar bawul na shiga a buɗe, na fita kuma a rufe, sa'ad da babu wuta? Me zai faru da an yi akasin haka?

2. Mota tana gudun kilomita 60 a awa, tayarta tana juyin da ya yi daidai da 45. Kashi nawa ne bambancin cikin 100? Tayar tana cikin iyakar riƙo mai kyau?

3. In nisan birki mita 9 ne a gudun kilomita 40, nawa zai zama a gudun 120 a kan hanya ɗaya?

4. A yi gwajin biro da ƙusa da naɗi 100, sa'an nan da naɗi 200. A rubuta bambancin da aka gani, a kawo wa malamin kimiyya a makon farko na sabon zango.